Shekara 15 a kan ƙulli ɗaya: shin dokar ƙwaya ce ta yi laushi, ko aiki da ita ne ya gagara?

Baban Amira, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka kai samame lungunan da yara ke kira jungul, maganar da ake yi a bakin shago ɗaya ce: doka ta yi laushi, a koma hukuncin kisa kowa ya huta. Wasu kuma na cewa ɗaurin ne ma yake ƙara lalata yaran. Barista, don Allah a warware mana abin da dokar ta ce tukuna, kafin kowa ya ja nasa.

Barista:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Dokar da ake aiki da ita ita ce wadda ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989, wadda yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Wanda ya ce ta yi laushi bai buɗe ta ba. Sashe na 11 ya ce duk wanda ya shigo da hodar ibilis, hiroyin ko makamantansu, ko ya noma, ya sarrafa, ya yi safara, ya sayar ko ya saya, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Wanda aka samu da ita a hannunsa yana sane, ko yana sha, ko shaƙa, ko allura, shekara 15 ce mafi ƙaranci, 25 mafi yawa. Sashe na 19 ma haka ya tanada ga wanda aka kama da ita. Kotuna sun riga sun yanke cewa wiwi na cikin waɗannan makamantan. Har ɗan Najeriyar da aka ɗaure a ƙasar waje kan safara, in ya dawo sashe na 22 na jiransa da shekara biyar saboda ɓata sunan ƙasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ba ta sa ma'auni ba. Babu inda ta ce daga giram kaza zuwa ƙasa mashayi ne, daga nan zuwa sama dila ne. An yi wa mai ƙulli ɗaya a aljihu da mai buhu a ɗaki kuɗin goro, sai dai sashen da mai gabatar da ƙara ya ga dama ya rubuta. To alƙali ya ga yaro ɗan shekara 19 da giram biyar na wiwi, hannunsa ba ya iya rubuta shekara 15, sai ya ba shi watanni ko zaɓin tara. Ta wannan ƙofar kuma dila mai kuɗi da lauya yake fita, abin da hukumar da kanta ta sha kokawa a kai.

Sannan Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin waɗannan shari'o'i. A Filato wannan na nufin ƙananan hukumomi 17, daga Wase har Bassa, kowa sai an kawo shi Jos, ya shiga layi tare da duk sauran ƙararrakin tarayya.

Malam na Gangare:
Barista, Allah ya ƙara basira, amma ni ban gamsu ba. Ku dubi abin da sara-suka ke yi. Yaron da ya ɗauki gariyo ya sari ɗan uwansa a kan waya ba cikin hayyacinsa yake ba, an sayar masa da abin da ya cire masa tausayi ne. Wanda ya sayar ɗin kuwa kowa ya san gidansa, a kama shi yau, sati na zagayowa a gan shi a majalisa. Singafo da Saudiyya ba sa wasa da dila, kuma ba a ganin yara a kwance a kwata a can. Wanda ke kashe 'ya'yan mutane da sannu, mene ne aibin a yi masa hukunci mafi tsanani?

Barista:
Allah ya gafarta Malam, zafin da kake ji kowa a nan yana jin sa. Amma mun taɓa gwada wannan hanya. Dokar Soja mai lamba 20 ta 1984 ta sa hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, har aka mayar da ita baya ta hau kan laifin da aka yi kafin a kafa ta. Ranar 10 ga Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Kirikiri, a Legas. Safarar ba ta tsaya ba. Gwamnatin Babangida ta soke kisan a 1986, bayan shekara uku kuma dole ta kafa hukuma guda sukutum saboda abin ƙaruwa yake yi. A watan Mayu 2024 Majalisar Dattawa ta sake amincewa da kisa, da aka zo daidaitawa da Majalisar Wakilai aka tsaya a kan rai da rai, a 2025 kuma Shugaba Tinubu ya ƙi sa hannu a kan gyaran, bisa dalilin tanadin da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace. Saboda haka tsohuwar dokar ce har yanzu.

Singafo da Malam ya ambata ma ma'auni gare ta: kisa na hawa ne in hiroyin zalla ya haura giram 15, hodar ibilis giram 30, wiwi giram 500. Kuma tsibiri ce mai ƙofofi ƙidayayyu, ba irin iyakarmu da Nijar da Kamaru ba. A duba kuma wa ake kashewa. A Afrilu 2015 Indonesiya ta harbe mutum takwas, huɗu 'yan Najeriya ne. Galibin masu faɗawa irin wannan hukunci 'yan ɗauko ne, mai kayan yana gida. Mun kuma ga ɗalibar nan ta wata jami'a a Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar tiramol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi, sai a Afrilu 2019 aka sake ta bayan an gano masu hannu a ciki. Da an gaggauta, da wa zai dawo da ita?

Dilan da Malam ke gani a majalisa bayan sati ɗaya, ba ƙarancin shekaru a takarda ne ya sako shi ba. Ko dai ba a kai shi kotu ba, ko an kai shi ƙarar ta rushe.

Anti Famasis, Terminus:
Ni ta ɓangaren kaya zan shigo, don yawancin abin da ke kayar da yaranmu magani ne na asibiti da ya bi ta bayan gida. Tiramol da aka yarda da shi a ƙasar nan miligiram 50 ne da 100, kuma sai da takardar likita. Iyakar abin da babba zai sha a yini ko a asibiti miligiram 400 ne. Wanda ke yawo a tasha da ramukan kuza mai 225 ne ko 250, ba shi da rajista. Guda biyu na 225 sun riga sun haura iyakar yini, ga mai dako a Farin Gada ko mai Keke yana watsa su lokaci ɗaya da shayi don ya jure aiki. Shi ya sa ake ganin lafiyayyen saurayi ya faɗi yana farfaɗiya alhali babu ita a danginsu.

Abin da nake so Malam ya lura da shi: hani shi kaɗai kaya yake sauyawa. A ranar 1 ga Mayu 2018, bayan rahoton binciken BBC, gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, jabu ya cika gari, masu sha da yawa suka koma tiramol, rochi, baliyam da ekzol. A 2018 ɗin dai Indiya ta tsaurara fitar da tiramol, sai ga wata ƙwaya da aka haɗa tafentadol da karisofrodol a kwali mai kama da na da, wadda ta fi shi danne numfashi, Indiya ba ta haramta haɗin ba sai a Fabrairu 2025. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Mai kemis na unguwa kuwa lasisinsa bai ba shi izinin ajiye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, balle allurar fenta mai kashe zafin ciwo. Ko a babban famasi, a kulle suke, da littafin da ake rubuta ranar da aka bayar, adadi, sunan likita da na mara lafiya. Duk shagon da yaro ɗan aike zai miƙa kuɗi a ba shi rochi a leda, wannan a kai ƙararsa ga hukumar kula da harhaɗa magunguna ta PCN. Rufe shago ɗaya irin wannan ya fi kama yara ashirin amfani. Yadda aka tashi kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano aka mayar da ita Dangwauro a 2024, inda ake iya sa ido, irin wannan aikin ne ke taɓa jijiyar abin.

Dakta:
Anti ta gama magana a kan kaya. Bari in sa lissafi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cibiyar binciken shaye-shaye ta CRISA, wadda a nan Jos aka kafa ta, ya fito a farkon 2019. Ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abu a cikin shekara guda: miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Ɗaya cikin biyar, wato kusan miliyan uku, abin ya riga ya zame musu ciwo. Gidajen yarinmu gaba ɗaya ba su riƙe da mutum dubu ɗari ba, kuma wajen kashi biyu bisa uku jiran shari'a suke. Ina za a zuba miliyan 14?

Ga abin da ke faruwa a jiki, wanda ya sa ɗauri kaɗai ba ya magani. Wanda ya saba da tiramol ko kodin, in ya daina, cikin awa 8 zuwa 24 zai fara hamma, hawaye, majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki da gudawa, barci ya ƙaurace. Abin na kai maƙura a rana ta biyu zuwa ta uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Wahala ce mai tsanani amma ba kasafai take kisa ba in ana ba shi ruwa. Baliyam da rochi kuwa daban ne, haka giya da barasar goskolo: yanke su rana ɗaya na iya kawo jijjiga da ruɗewa har a rasa rai. Rage su ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni a hannun likita. Wanda ya kulle ɗansa a ɗaki ya ce sai ya daina, bai san wanne yake sha ba, caca yake da ransa.

Gidan mari ma haka. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa na hana hannu kaiwa ga ƙwaya, ba ta taɓa dalilin da ya sa ake nemanta, ko ciwon damuwa ne, ko rashin barci, ko aikin ƙarfi, ko ciwon sikila da ya jawo fenta.

Maman Sadik, Rikkos:
Dakta, sannu da ƙoƙari. Tambayar iyaye mata ke nan: uwa ta ga fankon ƙwaya a aljihun wando wajen wanki, ko ƙarƙashin katifa. Tana tsoron ta kai shi asibiti a kira hukuma, tana tsoron ta faɗa wa uban ya kore shi. Me za ta fara yi? Kuma gwajin fitsarin nan da ake sayarwa, a dogara da shi?

Dakta:
Hajiya, asibiti ba ya miƙa mara lafiya ga hukuma don ya zo neman magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrinsa, ta kuma hana a ƙi karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa.

Ta ajiye fankon, kada ta yar, domin sunan da lambar da ke jiki su ne za su gaya wa likita hanyar da zai bi. Kada a tare shi yana cikin maye, a bari sai da safe ya wartsake, mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, ba taron dangi ba. Abin da ake so a sani huɗu ne: me yake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, kuma yaushe ya sha na ƙarshe. Daga nan sai sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Sunan sashen kada ya tsorata kowa, can ne masu ilimin abin suke. NDLEA ma tana da layin shawara kyauta, 0800 1020 3040. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa daga gida suke zuwa.

Gwajin fitsari yana da amfani amma yana da ramuka. Kodin da tiramol na ɓacewa cikin kwana biyu zuwa huɗu. Wiwi kwana uku ga wanda ya taɓa sau ɗaya, amma mai sha kullum har wata guda ana gani. Babban kuskuren shi ne tsinken gwajin da ke gano dangin kodin ba ya gano tiramol, sai an sayi mai layin tiramol na kansa, don haka uwa na iya ganin sakamako fes ta saki jiki alhali yaro na sha. Sholisho da madarar sukudai ba sa fitowa sam. Wasu magungunan mura kuma na iya nuna abin da babu. Kuma a yawancin tsinkayen layi biyu ne ke nufin babu, layi ɗaya akwai, akasin gwajin ciki, mutane da dama a nan suke rikicewa. Kada a kori yaro ko a fasa aure a kan tsinke ɗaya ba tare da an tabbatar a ɗakin gwaji ba.

Tsohon Jami'i, Bukuru:
Barista, na yarda da rabin maganarka. Ga inda ƙara ke rushewa, don jama'a su daina ɗauka kullum cin hanci ne, ko da yake shi ma akwai. In an kama kaya, a gaban mai shi ake auna nauyi, a yi gwajin farko da sinadarin da ke sauya launi, a ɗebi samfur a rufe da hatimi, ya sa hannu ko ya dangwala a takardun gwaji da na ƙunshe kaya, sannan a tura ɗakin binciken kimiyya. Rahoton masanin can ne hujja, ba idon jami'i ba. Nauyin da aka rubuta a wurin kamu ya saɓa da na takardar tuhuma, ko a rasa sa hannu ɗaya, ko a kasa nuna hannun da kayan suka bi daga mai kamu zuwa ma'aji zuwa ɗakin bincike, lauya ya samu ƙofa. Haka in mutum ya yi bayani da Hausa aka rubuta da Turanci ba a kawo tafintan ya ba da shaida ba. Sai kuma babbar matsala: unguwa ta san dila, amma babu mai zuwa kotu.

Inda na saɓa da kai shi ne ma'auni. Dila ba wawa ba ne. Ka ce giram kaza mashayi ne, gobe zai raba wa yaransa daidai wannan adadin, buhun yana wani gida. Dole a haɗa da sauran alamu: sikeli, ledojin ƙulli, tarin canji, kuɗin da ke shigowa waya daga mutane barkatai. Kuma a tuna jihar Oregon ta Amurka: sun cire hukunci a kan ɗan abin sha bayan ƙuri'ar 2020, wuraren magani ba su wadata ba, a 2024 suka dawo da shi.

Barista:
Yallaɓai, wannan gyara ne mai kyau, kuma Fotugal da ake yawan misali da ita haka ta yi. Tun 2001 wanda aka samu da abin da bai wuce na kwana goma ba, wato giram 25 na ganyen wiwi, giram 2 na hodar ibilis, giram 1 na hiroyin, ana ƙwace kayan a tura shi gaban kwamiti mai mutum uku daga ɓangaren shari'a, lafiya da walwalar jama'a. Safara tana nan a matsayin babban laifi, kuma sun zuba kuɗi a magani. Kusa da mu Ghana ta gyara tata dokar a 2020, ta mayar da hukuncin mashayi tara, sai dai wanda ya kasa biya yana iya ƙarewa a kurkuku, talaka ke nan.

Mu a nan ko hidimar al'umma da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta kawo, sashe na 460 ya hana a ba wanda hukuncin laifinsa ya haura shekara uku. Sashe na 20 na dokar NDLEA ya ba alƙali damar tura mutum magani, amma a matsayin ƙari kan hukunci, sai ga ƙaramin yaro ne kawai zai iya zama madadinsa. Layi biyu ɗin nan su ya kamata 'yan majalisarmu su taɓa.

In an kama wani naku: a gano ofishin da yake da sashen da ake tuhumarsa da shi. Tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu awa 48. Yana da haƙƙin lauya ya zauna kafin ya ba da bayani, kada ya dangwala a kan abin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Ba a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema, sashe na 7 na dokar 2015 ɗin ya hana. Wanda ba shi da halin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya. Kuma kada a matsa masa ya amsa laifi don a gama da wuri sai lauya ya ga takardar tuhuma, domin tsakanin "mallaka" da "sayarwa" akwai rai da rai.

Malam na Gangare:
Na karɓi bambancin mashayi da dila, wannan adalci ne. A kan dila dai ina nan a kan bakana, a ƙwace dukiyarsa ya daɗe a ciki, babu zaɓin tara. Dakta, abu ɗaya ya rage. Kwamitocin masallatai ne ake bugawa ƙofa da dare in an tsinci yaro a sume. Mutane na ɗura masa madara ko manja, wasu su kwara masa ruwa. Me ya dace?

Dakta:
Allah ya gafarta Malam, madara da manja a daina, wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu suke tafiya. A kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba a duba abu uku: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi ƙasa da goma a minti ko minshari mai kama da shaƙewa, leɓe da farce sun yi duhu. A kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓa, a share bakin in ya yi amai, a nemi mota nan take, fankon da aka gani kusa da shi a tafi da shi. In yana jijjiga kada a cusa masa cokali, a kawar da abin da zai buge shi, in ta wuce minti biyar lamari ya yi tsanani. A asibiti akwai allurar nalokson da ke farfaɗo da numfashin wanda dangin kodin suka danne cikin mintuna, amma ƙarfinta na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana nan a jiki, saboda haka ko ya tashi ya ce ya warke kada a bari ya tafi. Ba ta aiki a kan rochi da baliyam, shi ya sa faɗa wa likita gaskiyar abin da aka haɗa yake da muhimmanci.

Kwamitin kuma ya sa ido a kan wanda ya fito daga gidan yari ko wurin magani. Jikinsa ya manta adadin da ya saba, in ya koma ya sha irin na da zai iya kashe shi a daren farko, kuma makonni biyun farko su ne mafi haɗari. A samu wanda zai je ya taho da shi daga ƙofa, kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki, a riƙe masa ranar komawa asibiti, a kuma gaya masa wannan maganar ƙarara tun kafin ya haɗu da tsofaffin abokansa.